Ranar da Yayana Ya Kira Sunaye a Kwatar Wara

Muna idar da sallar asuba muka bar Sakkwato, gari bai gama wayewa ba, masu shayi ma a lokacin suke hura wuta. Mu uku ne a motar: ni, da maƙwabcina mai motar, da wani abokinsa wanda da ya ji an ambaci Yauri ya ce ko a but ɗin mota ne sai an tafi da shi, domin ya daɗe rabonsa da kifin da ya amsa sunansa kifi. Su biyun shan iska ya fito da su. Ni kuwa damuwa ce ta fito da ni, kuma tunda da yawanku kun tambaye ni abin da ya kai ni Wara babu biki babu rasuwa, bari in faro daga nan.

Ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, sunansa Manu. Ya ba ni shekara shida. Matuƙin jirgin ruwa ne a Wara, hedikwatar Ngaski, a bakin tafkin Kainji. Shekara arba'in da wani abu ke nan yana ƙetarar da 'yan kasuwa da kayansu daga wannan gaɓa zuwa waccan. Mahaifinmu masunci ne, bai taɓa riƙe alƙalami ba, haka ma Innarmu. Da aka zo neman yaro guda a kowane gida don a sa boko, Baba ya dube mu, ya ga Manu ya riga ya iya jefa birgi, wato tarun kama kifi, ni kuwa da an sa ni a kwale-kwale sai amai. Bai yi dogon tunani ba, ya miƙa ni. Da haka na zama malamin makaranta, na yi shekara talatin da uku ina koyarwa har na yi ritaya, Yaya Manu kuwa ko sunansa bai iya rubutawa ba.

Kwana huɗu kafin tafiyar, 'yarsa Hajo, wadda ke aure a Yelwan Yauri, ta kira ni a waya. "Baba Malam, in da hali ka taho. Jirgi za a amshe ma Baba." Na tambayi dalili. Ashe masu jiragen kwatar Wara, wato tashar jiragen ruwa, sun zauna sun yanke cewa ba jirgin da zai ƙara tashi sai direbansa ya rubuta sunan duk wanda ya shiga da garinsu, ya kira su ɗaya bayan ɗaya, ya bar takardar a tudu. An ba da wa'adin watanni, wa'adin kuma zai cika ranar kasuwa mai zuwa. Jirgin da Yaya ke tuƙi ba nasa ba ne, na wani Alhaji ne, shi kuwa Alhajin ya ce ba zai ɗauki magatakarda a kan direba ba. Wanda bai iya rubutu ba ya sauka, matasa masu iyawa na nan suna jira. Abin da na ƙulla a raina shi ne in je in lallashe shi ya haƙura da ruwa, ya dawo wurina Sakkwato ya huta, tun kafin a kunyata shi a gaban jama'a.

Hanya daga Sakkwato zuwa Jega ba ta ba mu wahala ba. Damina ta ja kaya amma ba ta gama tafiya ba, an girbe gero, dawa na tsaye kanta a sunkuye. A Jega muka karya da waina da shayi. Abokin maƙwabcina ya cinye tasa wainar, ya taimaki mai motar da tasa, wai kada ya ƙoshi barci ya ɗauke shi a kan sitiyari. Daga Koko ne hanya ta fara nuna halinta. Wani wurin ka ce a kan katifa kake, wani wurin kuma ramuka kamar an yi gasar haƙa, ga manyan motoci na rangaji a gabanka ba damar wucewa. Amma ido ya samu abin kallo. Kana gangarawa kudu ƙasa na sake launi, itatuwa na ƙara kauri, ga shinkafa ta nuna a fadamu ana ta yanka.

A ƙasar Shanga muka tsaya wani ƙauye na bakin hanya don mota ta huce. Ina zaune a kan benci a gindin darbejiya, wani dattijo ya daɗe yana kallon tabarau ɗina da biron da ke aljihuna, sannan ya matso ya gaishe ni, ya zaro takarda daga cikin hularsa. Takardar asibiti ce, da ƙullin magani uku. Kwana biyu ke nan da aka ba matarsa. An yi musu bayani a can, amma kafin su iso gida ya rikice musu, ɗan da ke karanta musu kuma ya tafi neman kuɗi kudu. Maganin na nan ba a taɓa ba, suna tsoron su yi kuskure. Na karanta masa, na zana masa rana da wata a jikin kowane ƙulli yadda zai gane na safe da na yamma. Ya yi ta godiya har ya ba ni kunya, ya sa aka kawo mana dafaffiyar gyaɗa cike da kwano. Da muka tashi sai Manu ya faɗo mini a rai. Dattijon zai yi sa'an yayana.

Mun shiga Yelwa ana shirin azahar. Garin na nan yadda na san shi, sai dai ya ƙara cika, babura kamar tururuwa, ƙamshin banda na taryarka tun kafin ka ga ruwa. Mun leƙa kasuwar kifi, abokin maƙwabcina ya taya wani ragon ruwa, da ya ji kuɗin sai ya tambaya ko har da kwale-kwalen za a haɗa masa. Mai kifin ya ce ya fara zuwa ya tambayo kuɗin man da inji ya sha kafin a kamo shi. Gaskiya kifi ya yi tsada, har a bakin ruwa. Hajo ce ta fitar da mu kunya da tuwon shinkafa da miyar tarwaɗa, irin miyar da ke sa mutum ya manta ana hira. Ita ba ta ci ba, tana tsaye a bakin ƙofa tana murɗa gefen mayafi. Ta ce uwarta ta ƙi gaya mata komai, babanta kuma in ta taɓo zancen sai ya kashe waya. "Kai kaɗai yake jin nauyin yi ma gardama," in ji ta. Na ce Allah ya sa.

Daga Yelwa muka bi hanyar Kontagora, muka karya kwana a Malando muka nufi Wara. Nan ƙasar Ngaski ce, gonakin Kambari hagu da dama, dawa da masara da wake, ga mata na tafe a gefen hanya da kaya a kafaɗa maimakon a ka, yadda suka gada. Ka wuce masallaci, ka yi gaba kaɗan ka ga ɗan coci da rufin kwano. Mai motar ya yi salatin da bai yi ba tun watan azumi saboda ramuka. Sai bayan la'asar muka hango ruwa yana ƙyalli, faɗinsa har ba ka ganin ɗaya gaɓar.

Yaya ba ya gida. Matarsa ta yi mana shimfiɗa, ta kawo ruwa, da na tambayi inda yake sai ta rufe baki da mayafi tana dariya. "An hana ni hwaɗi, amma ba a hana ni nuni ba." Ta nuna mini hanyar da ta bi ta bayan rumfunan banda.

Na bar abokan tafiya suna hutawa na bi hanyar ni kaɗai. Bayan rumfunan akwai wata tsamiya, a gindinta an jingina baƙin allo, ga magidanta wajen goma sha biyar zaune a kan tabarmi da kifaffun tsoffin kwale-kwale, kowa da littafin rubutu a gwiwa. Wata dattijuwa mai tabarau na tsaye da alli a hannu. Kafin in gane fuskoki na ji murya, muryar da na sani tun ina rarrafe, wadda ke tsawata wa fasinja daga wannan ƙarshen jirgi zuwa wancan, tana cewa a hankali, "Ha, li, ma. Halima." Na tsaya cak. Yaya Manu ne, ya duƙa a kan littafi, yatsansa na bin layi.

Ya ɗago ya gan ni, ya ɗaure fuska. "Malam, mi ya kawo ka?" Haka yake kirana tun ranar da aka sa ni makaranta, rabi girmamawa rabi tsokana. Na ce zumunci. Ya ce, "Hajo dai. To tunda ka taho, zamna daga baya, kada ka sa muna baki." Na zauna daga baya kamar ɗalibin da ya makara.

Da aka tashi na je na gai da malamar. Sunanta Malama Saratu, Bakambara ce, Kirista, ta yi ritaya daga koyarwa a firamare. Da dokar rubuta sunaye ta fito, direbobin ne da kansu suka je har gidanta, domin ita ta koyar da 'ya'yan mafi yawansu. Wata bakwai ke nan suna haɗuwa bayan la'asar, kuma ajin ya wuce direbobi, har masunta da masu gyaran koma, wato babban tarun kifi, sun shigo. Da ta ji ni ma malami ne sai hira ta ɓarke, irin ta mutum biyu da suka shaƙi alli ɗaya.

Tafkin Kainji ya tara mutanen ƙasashe, ajinta ma haka. Ta nuna mini wani dogon Bazabarme da ke naɗe tabarma, mutumin Gaya ta Nijar. Shekara uku kacal ya yi a lakwal, wato makarantar bokonsu ta can, tun yana yaro, amma ubansa tsohon soja ne mai ajiye takardu a gida, yana sa shi karanta masa wasiƙu. Cikin wata biyu karatun ya dawo masa. Matsalarsa ɗaya, in an ce ya rubuta Usman sai ya jero baƙaƙe irin na Faransanci har sunan ya kusa tsawon jirgi. Akwai kuma wani tsoho ɗan Gana mai sassaƙa jirage, wanda uwarsa ta koya wa karatu da littafin waƙoƙin coci. Turanci yake karantawa kamar ruwa, ya zo ne kawai ya koyi baƙaƙen Hausa masu lanƙwasa. Waɗanda suka yi nisa a makarantar allo har suna rubuta ajami su ma ba su sha wuya ba, hannunsu ya san alƙalami, sai dai a saba da farowa daga hagu maimakon dama. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wani matashin magidanci da ke da takardar gama firamare a akwati, amma ya zo bai iya haɗa baƙi biyu ba. Na tambayi yadda aka yi haka. Ta ce aji ya cika maƙil, malami yau akwai gobe babu, in yaro ya koma gida kuma babu mai ce masa mu ga littafinka.

Ita kanta, ta ce, ba ta san ranar da ta koyi karatu ba. Ubanta ya koya a wurin 'yan mishan, kullum da yamma yana karanta musu littafi mai tsarki da Hausa, tana bisa cinyarsa tana bin yatsansa da ido. "Malam, ni ban ga bambancin ɗan Nijar da ɗan Gana da ɗan Najeriya ba a gindin tsamiyar nan. Abin da nake gani shi ne wanda ya tashi ya ga takarda a gidansu da wanda bai gani ba, sai kuma wanda ya dace da malamin kirki, ko da na shekara biyu ne."

Na ce, yayana fa? Ta yi murmushi. Ta ce shi ne ya zo hannu rabbana, ba boko, ba ajami, allon ma 'yan surorin sallah ya haddace da ka ya koma ruwa. Sati uku aka yi ana fama da riƙon fensir kawai, ya karya guda biyar, don yana damƙarsa kamar filafilin tuƙi. Sau biyu yana jefar da littafi ya tafi, sau biyu yana dawowa washegari kafin kowa. Sai ta gaya mini abin da Hajo ba ta sani ba, ni ma ban sani ba. Ranar da masu jirage da direbobi suka zauna kan dokar, Yaya Manu ne ya fara ɗaga hannu. Shi ne ma ya kawo maganar. Shekarun baya, da wani jirgi ya kife, yana cikin waɗanda suka yi kwanaki suna tsamo mutane. Ya ga an binne wasu ba a san sunansu ba, ya ga wasu iyalan suna ta zarya a kwata babu mai iya ce musu naku ya shiga ko bai shiga ba. Aka ce masa, Manu, dokar nan kai za ta fara ci. Ya ce ta ci.

Maganar komawa Sakkwato da na ƙullo tun daga gida, a nan na kwance ta na zubar. Da muka ci tuwo bayan magariba na ce masa ko in riƙa faɗin sunaye yana rubutawa, a ƙara bita. Ya ce malama ɗaya gare shi, kuma ta sallame shi sai gobe.

Washegari kasuwa ta ci. Tun da hantsi kwata ta cika, buhunan shinkafa da masara, kwandunan banda, awaki, babura da ake cicciɓawa a ɗora a jirgi, mata masu suyar kifi da ƙosai. Sarkin jirgi, shugaban kwatar, da dattawa huɗu suka zauna a benci ƙarƙashin rumfa, don su ga direban da zai iya cika dokar. Alhaji mai jirgi na gefe yana jan carbi, a bayansa wani direba sabon jini na tsaye da biro har biyu a aljihu, kowa kuma ya san abin da yake jira. Mutum biyu suka riga Yaya, Bazabarmen nan da wani, suka wuce lafiya. Ni da abokin maƙwabcina mun ce za mu shiga jirgin Yaya mu ƙetara mu dawo. Mai motar ya ce shi tuƙin tudu ya iya, zai jira mu a inuwa.

Yaya ya zauna a kan jarka a bakin jirgi, ya ɗora littafi a gwiwa, ya sa wani tabarau da ban san yana da shi ba. Fasinjoji suka yi layi, kowa ya faɗi sunansa da garinsu, ya karɓi rigar ruwa ya shiga. Rubutun na tafiya, amma tafiyar hawainiya. Kowane baƙi sai ya cije leɓe. Rana ta fara zafi, aka fara gunaguni daga baya, wani mai buhunan masara ya ce in haka za a yi sai kasuwar ƙetare ta watse kafin a isa. Yaya bai ɗago ba. Gumi na ɗiga daga gemunsa, yana kare takardar da hannun hagu.

Sai wata mata mai goyo ta ce sunanta Kyauta. Biron ya tsaya. Ina tsaye kusa, ina ganin ya rubuta baƙin farko ya kasa gaba. Wallahi bakina da kansa ya buɗe. Kafin sauti ya fito na ji an dungure ni da lema a haƙarƙari. Malama Saratu ce, ko kallona ba ta yi ba. Yaya ya ce wa matar ta sake faɗi a hankali. Ta faɗa. Ya ce ta ƙara. Ta ce, "Baba, in aurena za ka yi ka hito hili, ina da miji." Kwata ta ɗauki dariya, shi ma ya dara, kuma a cikin dariyar ne na ga biron ya motsa. Na leƙa. Daidai.

Mutum talatin da huɗu ya rubuta. Da kowa ya zauna sai ya miƙe a goshin jirgi ya fara kira, wanda aka kira ya amsa. Muryar ta fara da rawa, kafin ya kai na goma ta koma tasa ta ainihi. Ya kira ni, na amsa da ƙarfin da ya sa mutane suka waiwayo. Sai ya kira wani suna, shiru. Ya sake kira, shiru. Ni kaina ban gane sunan ba. Mai biro biyun nan ya ce, yadda kowa zai ji, ai ga irinta nan, ya rubuta abin da babu. Sarkin jirgi ya miƙa hannu aka kai masa littafin. Na ga Alhaji ya daina jan carbi.

Yaya bai girgiza ba. Ya ce, "Ban rubuta abin da babu ba. Gajere na, mai jar hula, mutumin Sakkwato. A ƙirga." Aka ƙirga, talatin da uku. Sai a lokacin na duba gefena na ga rigar ruwa a ajiye babu mai ita. Abokin maƙwabcina ne, wanda tun daga gida da laƙabi nake jin ana kiransa, ban taɓa jin sunansa na yanka ba. Can sai ga shi a guje daga wajen masu suya, kifi a ƙunshe a takarda, bakinsa duk mai, yana tambaya ko an tashi.

Da dariya ta lafa, sarkin jirgi ya rufe littafin ya ɗora a cinyarsa. "To kun ga anhwanin abin tun ba a je ko'ina ba. Manu, tada injinka." Alhaji ya mayar da carbi aljihu ya ce Allah ya kiyaye hanya. Wata daga cikin masu suyar kifi ta rangaɗa guɗa, 'yan ajin tsamiya suka yi ta tafi, tsohon ɗan Ganan nan har da taka rawa. Malama Saratu ta buɗe lemarta ta juya ta kama hanyar gida, kamar wadda aka tashi makaranta. Ni kuwa na cire tabarau ina goge ido, matar da ke kusa da ni ta tambaya ko lafiya, na ce hayaƙin banda ne.

A kan ruwa ni ne na koma ɗan koyo. Ina ganin ruwa shimfiɗe iri ɗaya, shi kuwa yana karkata jirgi hagu da dama ban ga dalili ba, sai mun wuce in ga kan kututture ya leƙo. Ya nuna mini da haɓa wajen da tsohon ƙauyen kakanninmu yake a ƙarƙashin ruwa tun da aka datse kogi. Muka wuce masunta suna jan koma, suka ɗaga masa hannu, ashe labari ya riga mu ta waya. Na matsa kusa da shi wajen inji, inda ƙara ba za ta bari wani ya ji mu ba. Na ce, "Yaya, ka yafe mini. Shekara talatin da uku ina koya wa 'ya'yan mutane, ban taɓa zama na nuna maka ko baƙi ɗaya ba."

Ya karkata jirgi ya kauce wa wani kututture. Sannan ya ce, "Da ka ce za ka koya min, da na mare ka. Da ni na roƙe ka kuma, da ka ji kunyata ka yi ta lallashi har mu bari. Ita wagga malama ba ta jin kunyata, in na ɓata sai ta ce na ɓata." Can ya ƙara, "Baba abin da ya sani ya ba ni, ban riƙe shi da komi ba. Amma da shi ko Inna sun san baƙi guda, da ban kai hurhura ina karyar fensir ba. Ni dai jikokina za su tashi su iske takarda a ɗakina."

A ƙetare mun sha fura mai sanyi a wurin matan Fulani, muka zaga kasuwa, abokin tafiyata kuma bai ƙara nisa da jirgi ba. Da za mu dawo Yaya ya sake zama a kan jarka da sabuwar takarda. Har yanzu a hankali yake, amma babu wanda ya yi gunaguni, wata tsohuwa ma cewa ta yi a nuna mata nata sunan ta gani, don ba a taɓa rubuta shi a gabanta ba. Ya nuna mata da yatsa, ta daɗe tana kallo.

Kwana biyu muka yi a Wara. Ranar komawa matar Yaya ta cika mana but da banda, har mai motar ya ce in an tsayar da mu a hanya zai ce dillalan kifi ne. Mun tsaya Yelwa na ba Hajo labari tiryan-tiryan. Ta yi dariya, ta yi kuka, sannan ta ce ita a aji uku ta bar makaranta, abin da ta iya ma ya gudu, kuma ta ji ana ajin mata a unguwarsu ta daɗe tana jin nauyin shiga. Ta ce tunda babanta ya zauna a tabarma gaban mutane, ita wace ce. Daga nan muka kamo hanya, Koko, Jega, Tambuwal, muka shiga Sakkwato ana kiran magariba, ƙafafu sun kumbura, tufafi duk ƙamshin kifi.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne, amma ya taɓa ni. Na daɗe ina ɗaukar karatuna a matsayin ƙoƙarina, ashe rabinsa yatsan Baba ne da ya nuna ni maimakon Manu, da kuma malaman kirki da na dace da su. A gindin tsamiyar nan na ga mutanen ƙasa uku, kowa na ɗauke da abin da gidansu da makarantarsu suka ba shi, ko suka kasa ba shi, har zuwa furfura. Na kuma ga wanda ba a ba komai ba ya zo ya karɓa da ƙarfin tsiya. Ni da nake ganin ni ne abin alfaharin gidanmu, yau in an tambaye ni ko ni wane ne a Wara, ƙanin Manu direban jirgi zan ce.

Ina cire takalmi a ƙofar ɗaki wayata ta yi ƙara. Saƙo ne daga lambar Yaya, wayar da tun da aka saya masa ita kira kawai take yi. Allah kaɗai ya san tsawon lokacin da ya ɗauka yana danna ta. Manyan baƙaƙe ne, babu aya babu waƙafi: MALAM KA ISA LAHIYA. Hannuna na tsohon malami ya fara ƙaiƙayin gyara, sai na sake dubawa na ga babu abin gyarawa, haka Innarmu take faɗarta. Na zauna a bakin gado na rubuta masa, na isa lahiya, Yaya.